Lambar wayar kawuna ta koma miliyan 43 a fayil ɗin saiti, ina mafita?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka riga mu shiga harkar nan ku agaza min da shawara, kwana uku ke nan kawuna yana min kallon wanda aka biya wa kuɗin makaranta a banza.

Kawun nawa sarin shinkafa da mai da sukari yake yi, shago uku gare shi a Kumasi, Ghana: babban yana nan Aboabo, ɗaya a Asawase, ɗaya a Tafo. A da kowane yaron shago a littafi yake rubuta ciniki, bayan isha'i a kawo wa kawu ya sa tabarau ya bi layi-layi. Bara na ce bari in nuna amfanin karatuna, na rubuta masa wata 'yar manhaja da harshen kod na Python. Tana kan wata tsohuwar laftof a bayan kanta a shagon Aboabo. Aikinta bai taka kara ya karya ba: a shigar da abin da aka sayar da sunan wanda ya ɗauki kaya bashi, in ƙarfe shida da rabi na yamma ta yi sai ta tura wa kawu da masu kula da shagunan saƙon tes na jimillar ranar.

Da farko komai a cikin kod na zuba, farashi da lambobin waya da lokacin tura saƙo. To kun san yadda farashin buhu yake a kasuwa, safiya daban yamma daban. Duk lokacin da ya motsa sai kawu ya kira ni, ko ina cikin trotro, motar haya, ne sai na sauka na dawo na buɗe kod na gyara. Na gaji. Makonni biyu da suka wuce na kwashe saitunan duka na mayar da su fayil ɗin YAML, saboda na ga shi ne ya fi kama da rubutun mutane, ina tunanin ko yaron shago zai iya gyarawa. Ga yadda wani ɓangare yake, na ɓoye ƙarshen lambar:

lokacin_sako: 18:30
shaguna:
  - no: 1
    suna: Aboabo
    waya: 0244......

Daga ranar abubuwa suka fara rikicewa. Lokacin saƙon ne ya fara ba ni matsala, da na buga shi a allo sai na ga 1110 maimakon 18:30. Ban gane ba, na raba shi gida biyu, awa daban minti daban, ya yi aiki, na wuce. Sai "no" ya ƙi samuwa, manhajar ta ce wai babu wannan sunan, alhali ga shi ina kallonsa da idona. Na canza shi zuwa "lamba", shi ma ya wuce. Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne na waya. Yaron Tafo yana samun saƙonsa kullum, amma kawu da na Asawase shiru. Da na duba, lambar yaron Tafo tana nan yadda na rubuta ta, ta kawu kuwa ta koma wata lamba miliyan 43 da wani abu. Fayil ɗaya, layi iri ɗaya, hannu ɗaya ya rubuta.

Ana cikin haka ranar Asabar aka ɗauke wuta daidai lokacin da ake shigar da wani bashi. Batirin laftof ɗin ya daɗe da mutuwa, sai da wayar wuta a jiki take aiki. Da wuta ta dawo na buɗe bashi.json, inda sunayen masu bashi duka suke, na tarar da shi wayam, ko harafi ɗaya babu. Abin da ya cece ni shi ne kawu bai taɓa yarda ya daina rubutawa a littafinsa ba. Daren nan har ƙarfe ɗaya ina kwafe sunaye, shi kuma yana zaune yana shan shayi, bai ce min komai ba, wanda da ya yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Tambayata: in bar YAML in koma JSON, irin fayil ɗin bashin nan, gaba ɗaya, ko in mayar da komai cikin kod yadda yake a da? A fayil ɗin nan akwai farashi, lambobin waya, lokacin saƙo, da makulli, wato lambar sirrin shiga asusuna a kamfanin da nake tura tes ta hanyarsa. In wani yana son ganin kod ɗin yana kan GitHub, shafin da ake ɗora kod, na bar shi a buɗe saboda neman aiki.

Tsohon Nima ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, ajiye abin da kake yi ka je ka soke makullin nan na tes, ka karɓi sabo. Yanzu, ba gobe ba. Ka ce yana cikin fayil, fayil ɗin kuma yana kan GitHub a buɗe. Akwai manhajojin da ba su da aiki dare da rana sai bin sababbin abubuwan da aka ɗora suna tsintar makullai. Kuma kada ka ce za ka goge layin ka sake ɗorawa, git, mai adana tarihin kod, ba ya mantuwa, tsohon yana nan a tarihi duk mai so zai tono shi.

Sai maganar lambar kawu. Ba aljanu ba ne, kuma abubuwa ukun da ka lissafa duk uwarsu ɗaya. Na tabbata PyYAML kake amfani da shi wajen karanta fayil ɗin a Python, shi kuwa ƙa'idar YAML 1.1 yake bi, ta 2005. A wannan ƙa'idar in ka rubuta abu ba tare da alamar zance ba, mai karanta fayil ɗin ne yake cankar ko mene ne. Lambar da ta fara da sifili, in duk alƙalumanta daga 0 zuwa 7 ne, sai ya ɗauka lissafin tushe takwas kake nufi. Gwada da kanka: rubuta 0244 kaɗai ka karanta, 164 zai ba ka. Biyu sau 64, da huɗu sau takwas, da huɗu. Lambar yaron Tafo kuwa na ci amana akwai 8 ko 9 a cikinta. Tushe takwas ba shi da waɗannan alƙaluman, shi ya sa aka ƙyale ta a matsayin rubutu, ta tsira.

Lokacin ma haka ne, ya karanta shi da tushe sittin: 18 sau 60 a tara da 30, ga 1110 ɗinka. Da 08:30 ka rubuta da ba za ka ga komai ba sai ranar da ka canza zuwa yamma. Shi kuma "no", a wannan ƙa'idar yes da no da on da off duk eh ko a'a ne, don haka sunan ya koma False. Masu wannan aikin suna kiranta matsalar Norway, don gajeren sunan ƙasar NO ne, in ka jera ƙasashe sai a wayi gari ta ɓace. YAML 1.2 da ya fito a 2009 ya cire yawancin wannan canke-canken, amma manhajojin karanta YAML da yawa suna nan kan tsohon.

Maganin gaggawa: sa alamar zance a duk abin da ba lissafi za ka yi da shi ba. Lambar waya suna ce, ba adadi ba. Ba wanda zai tara lambar kawu da ta yaron Asawase ya raba biyu.

In ni ne kai kuwa, TOML, wani tsarin fayil ɗin saiti, zan koma don saitin da ɗan Adam zai taɓa da hannu. Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya fito da shi a 2013, siga ta 1.0 ta tabbata a 2021, kuma tun Python 3.11 akwai tomllib, mai karanta shi, a ciki, ba sai ka sauko da komai ba. Abin da nake so da shi, ba ya canka. In ka rubuta lamba da sifili a gaba babu alamar zance, tsayawa zai yi ya faɗa maka layin da kuskuren yake. Na fi son fayil ɗin da zai yi min tsawa da safe a kan wanda zai yi min murmushi ya aika saƙo inda ba a aike shi ba. JSON ma zai ƙi wannan lambar, amma ba a rubuta bayani a gefe a cikinsa. Douglas Crockford, wanda ya fito da JSON, da kansa ya ce da gangan ya cire, saboda mutane sun fara cusa umarni a wurin. Bayan wata shida za ka so ka ga layin da ke cewa "wannan ta kawu ce, kada a taɓa".

Maman Tagwaye ta amsa:

Sannu ɗana. Abin da Yaya na Nima ya faɗa gaskiya ne, amma ni a ganina ba sunan fayil ne ciwonka ba. Na yi shekaru ina riƙe wa 'yan kasuwa lissafi kafin in koyi kod, kuma abin da na gani a bayaninka shi ne ka zuba gishiri da sukari da kuɗin cefane a kwano ɗaya.

Makulli sirri ne, wurinsa daban. Sa shi a fayil ɗin .env, ka rubuta sunan fayil ɗin a .gitignore, jerin abin da git ba zai ɗora ba, tun kafin ka zuba komai a ciki, manhajar ta ɗauko shi daga can. Lokacin saƙo da lambobin masu shago, waɗannan saiti ne na gaske, sau nawa suke canzawa a shekara? Su zauna a TOML ko YAML, duk wanda ka ga dama. Amma farashi da bashi ba saiti ba ne ko kaɗan. Abin da yake canzawa kullum, kuma wata rana za a tambaye ka "jiya nawa yake?", wannan bayanan ciniki ne, ma'adana yake so.

Bari in faɗa maka abin da ya faru ranar Asabar. Lokacin da ka buɗe fayil da "w" don ka rubuta, kwamfuta tana fara share abin da ke ciki ne tukuna, sannan ta zuba sabon. Wutar ta tafi a tsakanin sharewa da zubawa. Da masu bashi goma ne ko dubu, duk lokacin da aka ƙara mutum ɗaya kana rushe gidan ne gaba ɗaya ka sake ginawa. A garin da muka san halin dumsor, ɗauke-ɗauken wuta, wannan ganganci ne. In dole sai JSON, to rubuta a wani fayil na wucin gadi, ka tabbatar ya sauka a faifai, sannan ka yi amfani da os.replace ka ɗora shi a kan tsohon, ta haka ko dai tsohon ya rage ko sabon, babu rabi. Amma me ya kai ka wannan wahalar? SQLite, ma'adanar bayanai, yana zuwa tare da Python, fayil ɗaya ne shi ma, ba ya buƙatar wata saba (server), kuma an gina shi ne yadda in wuta ta yanke a tsakiyar rubutu zai koma inda yake kafin a fara. Tun shekarar 2000 yake aiki, yana cikin wayar da ke hannunka yanzu haka.

Abu biyu kuma daga wadda ta ƙone hannu. Kuɗi, ajiye shi a pesewa, cikakkiyar lamba. Sidi 12.50 ka rubuta 1250. Buɗe Python ka tara 0.1 da 0.2 ka ga abin da zai ba ka, 0.30000000000000004. A ciniki ɗaya ba komai ba ne, amma ranar da jimillarka ta saɓa da littafin kawu da pesewa ɗaya, ba zai tambayi dalili ba, zai ce injin ƙarya yake.

Na biyu, wata rana zai ce ka fitar masa da jerin masu bashi ya gani a Excel. In ka ba shi CSV ya danna sau biyu, sifilin gaban lambobin waya zai sake tafiya, don shi ma canka yake. Sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ, da alamar ₵, za su iya fitowa kamar tafiyar kaza in ba ka rubuta encoding="utf-8-sig" ba lokacin fitarwa. Na taɓa buga wa wata ƙungiyar adashe takarda, sunan shugabar ya fito da wasu alamomi a tsakiya, har yau in mun haɗu a gidan biki sai ta tuna min.

Na Asawase ya amsa:

Ni dai ban yarda a ɗora wa YAML laifi duka ba. Kullum da shi nake aiki, Docker Compose da GitHub Actions da Kubernetes duk shi suke ci, in yaron nan aiki yake nema ba inda zai gudu ya bar shi. Kuma in saiti ya yi rassa, shago a cikin gari, ma'aikaci a cikin shago, TOML yana zama abin ciwon ido da waɗannan bakunan nasa bibbiyu, [[ ]].

Ramin da na gani shi ne manhajar ta karɓi abin da fayil ya ba ta ta haɗiye ba tauna. Ko wane iri ka zaɓa, ka sa ta duba saitin a lokacin tashi: waya rubutu ce? Alƙaluma goma ne? Da sifili ta fara? In a'a, ta ƙi tashi, ta faɗi layin da Hausa yadda yaron shago zai gane. Layi goma na kod ya isa, ko ka ɗauko pydantic, kayan duba bayanai na Python, ya yi maka. Da ka yi haka, ranar farko za ka kama miliyan 43 ɗin nan, ba sai kawu ya kwana uku ba saƙo ba. Ka tabbata kuma safe_load na PyYAML kake kira wajen karanta fayil ɗin.

Maman Tagwaye, ina tare da ke a kan farashi, har ma zan ƙara. Ku tuna e-levy, harajin tura kuɗi ta waya: ya fara a watan Mayun 2022 da kashi 1.5, a Janairun 2023 ya sauko kashi 1, a Afrilun 2025 aka soke shi. Wanda ya ajiye wannan a layi ɗaya na saiti yana gogewa yana sake rubutawa, in aka ce ya sake lissafin cinikin MoMo, wato kuɗin waya, na 2022 yau, amsar banza zai bayar. Duk adadin da ke canzawa a ajiye shi da ranar da ya fara aiki. Buhun shinkafar kawu ma haka.

Tsohon Nima ya sake amsawa:

Na Asawase, ban ce ya manta da YAML ba, zai koye shi ko yana so ko ba ya so. Na ce shago uku da lambar waya huɗu ba su kai a ɗauko musu abin da littafin ƙa'idarsa ya fi na manhajar tsawo ba. Maganar dubawa a lokacin tashi kuwa ka fi ni gaskiya, da ita ya kamata in fara.

Ɗan Aboabo ya dawo:

Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Yaya, na soke makullin tun daren jiya, jikina har rawa yake lokacin da na buɗe tarihin na gan shi zaune ɓaro-ɓaro tun makonni biyu. Na duba asusun, kuɗin tes ɗin yana nan, Allah Ya rufa asiri. Na kuma duba lambar yaron Tafo, 9 har biyu a ciki. Na yi dariya ni kaɗai a shago har mai aboboya, babur mai ƙafa uku, da ya kawo kaya ya tsaya yana kallona.

Ga inda na tsaya. Lokaci da lambobin waya sun koma saiti.toml, kowace lamba da alamar zance da bayanin mai ita a gefe. Na ɗan sha wahala kafin in gane tomllib sai an buɗe masa fayil da "rb", kuma lokacin sai na rubuta shi har da daƙiƙa, 18:30:00, sannan ya karɓa. Na rubuta dubawar da Na Asawase ya ce, na gwada cire alƙalami ɗaya da gangan, manhajar ta ƙi tashi ta rubuta "lambar shagon Asawase ba ta cika goma ba". Wannan ya fi komai yi min daɗi.

Anti, bashi da farashi na fara kwashe su zuwa SQLite, kowane farashi da ranarsa, kuɗi a pesewa. Ban gama ba, masu bashin sun fi yadda nake zato yawa, wasu ma sunansu biyu a littafi, na gida da na kasuwa, sai na tambayi kawu wane ne wane. Na yi gwajin da ya ba ni tsoro: ina cikin shigar da bashin ƙarya na fizge wayar wutar da hannuna. Da na kunna, komai yana nan sai wannan na ƙarshen kaɗai. Zan yi wa yaran shago wani ɗan allo na canza farashi, don kada kowa ya sake buɗe fayil da hannu, har da ni.

Jiya shida da rabi saƙo ya shigo wayar kawu muna tsaye a ƙofar masallaci. Ya ciro ta, ya nisanta ta da ido ya karanta, ya mayar aljihu, ya ce in an idar da sallah in zo mu gwada da littafi. Mun gwada, sun yi daidai. Ya ce to, amma littafin yana nan.

Saura tambaya ɗaya Anti. Fayil ɗin SQLite ɗin, in ina so in riƙa ajiye kwafinsa a filasha kowane dare, kwafa kawai zan yi ko akwai wata hanya?

Maman Tagwaye ta amsa:

Kada ka kwafe shi manhajar tana tsakiyar rubutu, za ka iya ɗaukar rabin magana. Akwai backup a cikin sqlite3 na Python, kira shi bayan saƙon yamma ya fita, ka sa ranar a sunan kwafin don kada na yau ya danne na jiya. Filashar kuma kada ta kwana a shago ɗaya da laftof ɗin, sa ta a aljihu ka tafi da ita gida. Sau ɗaya a wata ka buɗe kwafi ɗaya a wata kwamfutar ka ga ko sunayen suna ciki da gaske. Ka gaida kawu, ka ce masa ya saya wa laftof ɗin nan batiri.